Yadda Na Kai Jarkar Yaya Malam Maraɗi

Tun ranar da muka dawo daga Maraɗi ban sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. In na fita cefane, tambaya. In na je ajinmu na manyan mata ranar Asabar, kafin malama ta shigo an kewaye ni. Rakiya yaya Nijar ɗin, Rakiya wai gaskiya ne da wuta suke ƙona ciwo, Rakiya wai ke kika tona wa yayanki asiri a gaban Turawa. Babu Bature ko ɗaya a wurin, ku fara da sanin wannan. Tunda na sha wahalar koyon rubutu ina da shekara arba'in da uku, jikokina na yi mini dariya, bari in ci moriyarsa. Sau ɗaya zan rubuta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda kullum take cewa sai baɗi za ta shiga aji.

Wanda bai san Yaya Malam ba, shi ne Malam Isiyaku, babban wana uwa ɗaya uba ɗaya, na'ibin limamin masallacin unguwarmu a Ƙarfi. Manomi ne kafin ya zama komai. Shekara biyu da suka wuce ya ga leburori na jan jiki wajen sauke buhunan taki, zuciya ta ɗebe shi, ya ce bari ya nuna musu yadda ake yi a zamaninsu. Buhu ya hau kafaɗa, wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Daga ranar ciwo ya samu wurin zama. Yakan taso daga ƙugu ya bi cinyar hagu har babban ɗan yatsa, ya ce kamar an zura masa waya mai wuta. Daga baya ƙafar ta fara jan ƙasa. Hoton asibiti ya nuna wani abu ya zame tsakanin ƙasusuwan bayansa yana danne jijiya. Aka ce sai an yi aiki, kuma in aka daɗe ƙafar za ta mutu ta bar shi da rai. Layin masu jiran aiki a wajenmu kuwa, sai ka rantse taki ake rabawa kyauta.

Wani ɗan kasuwar tumatir na Danja ne ya ba mu labarin wani asibiti a gefen Maraɗi, inda likitan ƙashin baya ke zuwa lokaci-lokaci, ya yi mako biyu ya koma. Aka yi ta waya har sunan Yaya Malam ya shiga. Matarsa, Yaya Hanne, gwiwa ta hana ta tafiya. 'Ya'yansa maza suna kudu, suna aiko da addu'a ta waya. Aka ce Rakiya ta je jinya, ai ita ce mai karatu.

Sai maganar jarka. Abin da ya riƙe Yaya Malam shekara biyun nan wani jiƙo ne baƙi-baƙi, na wani mai magani da ke kafa lasifika a kan mota a kasuwar Danja. Sunan jiƙon Miƙe-Tsaye. Ludayi ɗaya da safe, ɗaya da yamma, haka aka fara. Lokacin da muke shirin tafiya ya kai biyar a yini. In ya sha sai fuskarsa ta saki, ya yi ta raha, ya cinye tuwo malmala uku, mutumin da a da sai ka yi wata ba ka ga haƙoransa ba. In jarka ta ƙare kuwa, sai hamma, majina, gumi, da faɗa har da kaji. Muka ce tsufa ne.

Ni aka aika in karɓo ta tafiya. Na tarar mai maganin ya tafi sallar azahar, na zauna a inuwar motarsa ina jira. Wanda ya koyi karatu da girma ba ya iya barin rubutu ya wuce shi, ko ledar burodi ce sai na tsaya na haɗa baƙaƙen. A gefen taya akwai kwali cike da katunan ƙwaya, duk an ɓare su. Na ɗauki ɗaya na haɗa a hankali. Tiramol. Ita ce wadda Yaya Malam ke la'anta a wa'azinsa na bayan asuba, har ya taɓa korar samari daga barandar masallaci a kanta. Na mayar da katin, na ce wa raina ƙila shara ce ta wani. Ni Rakiya, wadda ta taɓa tsayar da rabon naman biki don an rage wa marayu, na karɓi jarka na ce Allah ya saka da alheri. Ku rubuta wannan a kaina.

Muka tashi ranar Litinin da sassafe a motar Alhaji Bala, abokin Yaya Malam tun suna kiwon awaki. Tsohuwar mota ce mai dogon baya. Aka kwantar da kujeru, aka shimfiɗa katifa, Yaya Malam ya kwanta da rawaninsa, jarka a rungume kamar sabuwar haihuwa. Ni ina gaba da kwandon abinci a cinya. Ba mu fita Malumfashi ba shi da Alhaji Bala suka fara.

"Alhaji, ramin nan ka gan shi kuwa?"

"Na gan shi, Malam."

"To me ya sa ka shiga?"

"Na gefensa ya fi shi zurfi. Zaɓa maka na yi."

"Shekara arba'in kana tuƙi, har yanzu kamar jaki kake kora."

"Jakin ne ya ɗauko ka, sai ka yi haƙuri da shi."

Haka muka wuce Kankiya, muka ci shinkafa da wake a Katsina. Daga Katsina zuwa Jibiya kuwa baki ya mutu. Kowa ya san abin da ya sa ba a bin hanyar nan in rana ta karkata. Carbi kawai kake ji, da ƙarar ludayi sau ɗaya a bakin jarka.

A bakin iyaka shinge ne bayan shinge, kaki kala-kala, ban tsaya bambance su ba. Wani dogo ya sa na sauke kayana duka a ƙasa. Ya buɗe yajina ya yi atishawa, ya shinshina daddawa ya kau da kai. Da ya zo kan kuka sai ya tsaya, ya murza ta a yatsu, ya kira ɗan'uwansa.

"Hajiya, wannan koren garin fa?"

"Kuka ce. A gidanku ba a miya?"

Sai da na lasa a gabansu. Sannan ya leƙa bayan mota, ya ga farin gemu da rawani, nan take muryarsa ta yi laushi.

"Baba, sannu da jiki. Mene ne a jarkar?"

"Maganin Malam ne," in ji Alhaji Bala.

Shi ke nan. Mutumin nan ya rage tsawo, ya ce matarsa na da tsohon ciki, a taimaka da addu'a. Yaya Malam ya ɗaga hannu ɗaya ya yi, ɗayan na kan jarka. A ɗaya gefen iyakar ma haka aka yi, kukata ta sake shan tambaya. Ban ga takardar da ta kai farin gemu ƙarfi ba. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini baya, don ni kaɗai na san abin da muka ƙetara da shi, rabinsa ma na sani a lokacin.

Muna shiga ƙasarsu na ɗaga kai in karanta allon farko da ke bakin hanya. Baƙaƙen duk na san su, ga wannan ga wancan, amma sun haɗa kai sun ƙi ni. Faransanci ne. Shekara shida ina zaman benci, cikin taku goma na koma jahila. Alhaji Bala ya yi dariya har mota na kwana.

"Mai karatu, karanta mana mu ji ko mun ɓata."

Na ce ya kula da ramukansa.

Mutanen Maraɗi Hausawa ne kamar mu, sai dai in suna magana kakata nake ji, Allah ya jiƙanta. Kuma kada ki kuskura ki ce musu daga Katsina kike da alfahari, za su gaya miki su ne Katsinawan asali, mu gadin gida aka bar mana. Likita lokotoro suke ce masa. Ƙasarsu rairayi ce, gero ko'ina, na yi ta neman karan masara ko ɗaya ban gani ba. Abin da ya tsaya mini a rai matansu ne a kan babur. Mace da hijabinta har ƙasa, buhun albasa a baya, ta murɗa ta wuce namiji ko kallonsa ba ta yi. Mu a nan sai ki tsaya a rana kina roƙon ɗan acaba, shi kuma yana yi miki yanga.

Mun isa asibitin bayan azahar, muka tarar tagar yankar kati a rufe. Na ƙwanƙwasa, na ƙara. Wani da ke kishingiɗe a gindin bedi, wato darbejiya, ya ce in daina wahalar da hannuna, lokacin hutun rana ne, sai an jima. A wajenmu ma'aikaci a ɓoye yake zamewa. Su sun sa abin a doka, har da lokacin dawowa, kuma abin haushin suna dawowa.

Masauki muka samu a gidan Hajiya Zalika, wata bazawara ƙatuwa mai ba 'yan jinya ɗakuna kusa da asibitin. Ta kalle mu sama da ƙasa ta ce ba sai an gaya mata daga ina muke ba, tun daga bakin layi ta ji muryata. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, da tauri. Alhaji Bala ya gatsa da ƙarfin hali ya yi shiru, sai da aka jima ya ce a ba shi ruwan ɗumi. Shayi kuwa a ɗan kofin da bai kai murfin kwalba biyu ba, sau uku, kowanne sai an yi ta ɗaga buta sama ana zubawa ana mayarwa. Na ce mata a wajenmu in ka ba baƙo wannan sai ya ɗauka ɗanɗano ne. Ta ce shi ya sa ba mu san daɗin komai ba sai yawa. Amma tuwon geronta da miyar kuɓewa busasshiya, wannan ba zan yi mata ƙarya ba, na nemi ƙari.

Washegari da safe, kafin mu koma asibiti, na fito tsakar gida ina zuba wa Yaya Malam ludayinsa. Hajiya Zalika na wucewa da tsintsiya ta tsaya cak.

"Mi ke nan?"

"Jiƙon baya ne."

Ta karɓi jarkar ta kai hanci. "Mijina, Allah ya jiƙan shi, shekara talatin yana tuƙin babbar mota. Warin ga ko cikin barci na san shi. Wiwi ne aka dahwa."

Na gaya mata maganar katunan da na karanta a Danja. Ta daɗe tana kallona.

"Za ki gaya ma lokotoro?"

"Yayana ne, Hajiya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu. Na'ibin liman ne."

"Na ji. Za ki gaya ma lokotoro?"

Na juya na kai ludayi ɗaki.

Aka ba Yaya Malam gado. Likitan baya ya duba hotuna, ya soki ƙafar da tsinke nan da can, ya ce za a yi aiki ranar Alhamis, kuma mun zo a kan gaɓa, don Talata mai zuwa ce ranar aikinsa ta ƙarshe. Ranar Laraba da hantsi sai ga wata 'yar gajeriyar mace da tabarau, ba ta kai babbar 'yata shekaru ba, riƙe da takarda. Ta ce ita ce likitar da ke sa barci lokacin aiki, tana da tambayoyi.

Ku kun san yadda muke yi. In babba ya kwanta ciwo ba shi ke amsa tambaya ba, na kusa da shi ke amsawa, kuma amsar da ake bayarwa ita ce wadda ta dace da girmansa. Alhaji Bala ya gyara tsayuwa.

"Yana shan sigari?"

"Subhanallahi."

"Giya fa, ko a da?"

"Likita, na'ibin liman ne fa."

"Akwai wani magani da yake sha kullum, na kanti ko na gargajiya?"

"Babu. Sai ruwan addu'a."

Yaya Malam ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Ta dube shi, ta dube mu.

"Baba, ba don in yi wa kowa wa'azi nake tambaya ba. Gobe in ana yanka, ni ke riƙe da numfashinka. Da abin da kuka gaya mini zan auna magani. In jikinka ya saba da wani abu ban sani ba, awona ya zama ƙarya, kuma a jikinka ƙaryar za ta fito. Daga yau ba ka shan komai sai abin da muka ba ka."

Ta rufe bironta.

Ga abin da ke kaina a lokacin. In na yi magana suna iya soke sunansa, likita ya tafi, ƙafa ta mutu, a ce Rakiya ta kashe wa yayanta ƙafa da bakinta. In na yi shiru za a yanka shi a kan ƙarya da ni a tsaye. Jarkar tana ƙarƙashin gado, ni da kaina na naɗe ta a zanena. Na durƙusa na jawo ta, na kwance, na ajiye a kan ɗan teburin da ke gefen gadon.

"Rakiya," in ji Alhaji Bala.

"Mayar da ita," in ji Yaya Malam.

Tun da aka haife ni bai taɓa ba ni umarni na tsallake ba, sai ranar. Na faɗi komai, katunan Danja, da abin da Hajiya Zalika ta shinshino. Ɗakin gado takwas ne, kowane gado da mai jinya, duk a kunnensu na faɗa. Likitar ta buɗe ta shinshina, fuskarta ko motsi.

"Ludayi nawa a yini?"

"Biyar."

Yaya Malam ya juya fuskarsa bango. Tausayi ya kama ni, na ce, "Likita, bai san abin da ke ciki ba."

Ta jawo kujera ta zauna, ta juya bayan takardarta ta fara zane. Da ni take magana, amma muryar ta ɗaga ta yadda mai kallon bango zai ji. Ta ce na san laka, wadda ke cikin ƙashin baya? Na ce na sha tsotsar ta rago. Ta ce to, ciwo saƙo ne. Yakan taso daga ƙafa ya bi jijiya ya shiga laka, a nan wata jijiya ke miƙa wa wata, ita kuma ta hau da shi ƙwaƙwalwa, sai ya isa can mutum ke cewa wayyo. A daidai wurin miƙawar nan Allah ya ajiye wasu 'yan mitsitsin abubuwa a jikin jijiyoyin, ido ba ya ganin su, aikinsu rage ƙarfin saƙon. Iri biyu ne suka shafe mu. Ɗaya yana amsa wa dangin tiramol da allurar da ake yi wa wanda aka yanka, ɗaya yana amsa wa abin da ke cikin wiwi. Jiki ma da kansa yana yin nasa 'yan sinadarai masu taɓa su kaɗan-kaɗan, shi ya sa manomi zai sare ƙafarsa da fartanya, bai ji sosai ba sai ya ga jini.

Na ce, "Kamar shingen iyaka ke nan, kaki iri biyu."

Ta ce kusan haka, sai dai waɗannan rumfarsu ɗaya. Sau da yawa a jikin jijiya guda suke zaune gefe da gefe, kuma in za su rufe hanya igiya ɗaya suke ja daga ciki. Shi ya sa in aka taɓa su tare abin yakan fi ƙarfin a taɓa kowanne shi kaɗai. Masu bincike sun ga haka a jikin ɓeraye, kaɗan na wannan da kaɗan na wancan ya yi aikin mai yawa. A jikin mutum kuwa har yanzu ana dubawa, ba a gama tabbatarwa ba.

"Ashe mai lasifikar Danja masani ne," na ce.

Ta ɗan yi dariya. "A watan farko dai ya yi sa'a."

Ta ce in kullum ana dukan su safe da yamma babu awo, sai su gaji su daina amsawa, wasu ma jijiyar ta janye su ciki. Kuma tunda igiyarsu ɗaya, in ɗaya ya kurmance yana iya jan ɗan'uwansa. Haka ludayi ɗaya ke zama biyar. Har akwai lokacin da ƙwayar da kanta ke ƙara wa ciwon kaifi.

"Allurar da na shirya masa bayan aiki, irin na farkon nan, mai amsa wa tiramol, take nema. Da na ba shi awon mutumin da bai taɓa shan komai ba, zai farka da baya a yanke, allura na shiga ba ta samun mai amsa mata. Ga jikinsa na neman jiƙon da aka yanke masa farat ɗaya. In kuma kun ci gaba da ba shi a ɓoye a kan namu, tiramol in ta yi yawa tana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, tana iya danne numfashi. A jikin wanda aka ɗinke wa baya."

Aka soke Alhamis. Ta ce za su karɓe jarkar, su ɗora shi a kan ƙwayar da suka san awonta, su sa masa ido. In jikinsa ya daidaita, za ta roƙi likitan baya ya yi masa a ranarsa ta ƙarshe. In bai daidaita ba, sai wani zuwan.

"Ƙafar za ta jira wani zuwan?"

"Ban sani ba, Hajiya. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Kwana shidan da muka yi muna jira Yaya Malam bai yi mini magana ba. Ina tsaye a gabansa zai ce, "Alhaji, ka ce wa waccan ta kawo buta." Alhaji Bala kuma sai ya juyo ya faɗa mini da gaske, kamar daga wani gari aka aiko shi. A gindin bishiyoyin da masu jinya ke girki kowa ya san ni, in na doso sai a matsa mini wuri a yi shiru. Na kai kukana wajen Hajiya Zalika, ina jiran ta ce na yi daidai.

"Kin yi daidai," ta ce. "Amma mi ya hana ki bi ta waje ki gaya mata ku biyu? Sai a gaban gado takwas?"

Wallahi tunanin nan bai taɓa zo mini ba. Kwana tara ina riƙe da magana, da ta tashi fita sai ta fito da ƙofar gaba ɗaya. Wannan ma ku rubuta a kaina.

Kwana ukun farko ya sha wuya. Ga gumi, ga rawar hannu, abinci ko kallo, barci ya ƙaurace masa. Ya jefi Alhaji Bala da kofi don ya ce masa sannu sau biyu. Kullum da safe likitar na zuwa ta duba idonsa, ta ƙirga bugun hannunsa, ta rubuta, ba ta cewa eh ba ta cewa a'a. Ni kuma kullum in ya yi gyangyaɗi sai in tsaya ina kallon ƙafar nan ta hagu, a kwance kamar ba tasa ba. Rana ta huɗu ya sha kunu. Ta biyar ya tambayi Alhaji Bala ko an yi ruwa a gida. Ranar Litinin da yamma likitar ta ce a hana shi abinci, gobe za a yi masa aiki, shi ne na ƙarshe a layi.

Sun shiga da shi bayan azahar, suka fito gab da magariba. Ya yi nishi, ya yi salati, amma bai yi ihu ba. Washegari da safe likitan baya ya tsaya a kan hanyarsa ta tafiya, da jakarsa a kafaɗa, ya yaye zanen ya ce a ɗaga yatsa. Muka zuba ido. Babban ɗan yatsan ya motsa, kaɗan, kamar mai jin nauyin jama'a. Likita ya ce jijiyar ta samu sarari, sauran sai watanni, kuma ƙila ba za ta koma kamar da ba. Na fita bayan ɗakin na yi abin da ba na yi a gaban mutane.

Ranar da aka sallame mu, Alhaji Bala ya tafi shan mai, muka rage mu biyu.

"Rakiya."

"Na'am, Yaya."

"Kin ce wa yarinyar nan ban san abin da ke ciki ba."

"Na ce."

"Na sani. Ban san sunansa ba, amma tun wata na uku na san ba sassaƙe ba ne. Sassaƙe ba ya sa mutum yana sallah yana tunanin ludayi."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ke da kika karanta da idonki, me ya hana ki?"

Na tsuguna na ɗaure kaya.

Dawowa ba ta da labari. Hajiya Zalika ta cika mana leda da kilishi, ta ce in na sake zuwa in rage murya tun daga iyaka. Alhaji Bala ya bi ramuka a hankali, ba wanda ya ce masa jaki.

Yanzu Yaya Malam na zuwa masallaci da sanda, yana sallah a zaune, ƙwayar asibiti ana rage masa ita kaɗan-kaɗan a rubuce. Mai lasifika kuwa an kai maganarsa wajen waɗanda aikinsu ne, sauran ba nawa ba ne. Abin da ya sa nake da bakin rubuta duk wannan shi ne abin da ya faru kwana uku da dawowarmu. Dattawan sahun gaba suka zo dubiya, suka cika zaure. Na kawo ruwa ina bayan ƙofa, na ji Malam Audu ladan ya ce to Malam, me likitocin suka ce ne? Na jira in ji an ce sanyi ne, ko iska.

"Ƙwaya da wiwi nake sha shekara biyu," in ji Yaya Malam. "Su ne Miƙe-Tsaye. Kai ma su kake sha, Audu, ni na kai ka. Da kai, Alhaji Sani. Da kai."

Su biyar ya nuna. Wani daga cikinsu ya ce to ai sai a je a zubar yau ɗin nan. Na ce daga bayan ƙofa kada wanda ya zubar, likita ta ce ba a yanke shi farat ɗaya, asibiti ake zuwa da jarkar a hannu.

"Mu je mu ce me?" in ji Malam Audu.

Ranar Litinin muka nufi asibitin da ke kusa da mu, na zauna a gaban motar Alhaji Bala, dattawa biyar a baya, kowa da jarkarsa a cinya an lulluɓe da babbar riga. Na yankar musu kati, na rubuta sunan kowa da hannuna. Da aka kira mu, likitan ya ɗaga kai ya ga rawani biyar, ya miƙe tsaye ya gaishe su, ya ce me ke tafe da iyayenmu? Su biyar ɗin suka juyo suna kallona. Na ja kujera can gefe na zauna, na ɗaure bakina da gefen mayafi.

Malam Audu ya yi gyaran murya irin wadda yake yi kafin kiran sallah, ya fito da jarkarsa ya ɗora a kan tebur, ya ce, "Ludayi huɗu."